Jinjina ga Masu Mayar wa Teku Launinsa

Ruwan teku yana shanye launi. Da mai nutso ya kai zurfin kusan mita 5, ja ya fara ɓacewa, ruwan lemu ya bi baya, sannan ruwan ɗorawa. Shi ya sa hoton da aka ɗauko a ƙarƙashin Bahar Maliya, a wuri irin Sanganeb kusa da Port Sudan, yakan fito shuɗi, jajayen murjani su koma kamar toka.

Ina jinjina wa masu gyaran irin waɗannan hotuna. Gwani zai buɗe manhajar Lightroom ko Photoshop, ya nemi abin da ya tabbata fari ne, kamar yashi, ya daidaita sauran launuka da shi. Sai ya riƙa ƙara ja kaɗan-kaɗan, kamar mai sa gishiri a miya. In hannu ya zarce, ruwan ya koma shunayya. Daga nan ya bi ɗigo-ɗigon dattin ruwa da fitilar kyamara ta haska, yana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni.

A 2019, Derya Akkaynak da Tali Treibitz na Jami'ar Haifa suka fito da Sea-thru, dabarar da ke amfani da nisan abu daga kyamara wajen dawo da launinsa na asali. Masu bibiyar lafiyar murjani suna buƙatar hakan, domin murjanin da zafi ya gallaba fari yake komawa.