Sharhi a Kan Littafin Didier Eribon, Retour à Reims

Littafin da za a duba a nan, wanda ma'anar sunansa ita ce komawa Reims, ya fito a Faransa cikin 2009. Marubucinsa ɗan leburori ne, haifaffen birnin Reims a 1953. Boko ya kai shi Faris, ya yi shekara da shekaru bai waiwayi gida ba, har mahaifinsa ya rasu bai halarci jana'iza ba. Da ya koma, sai ya iske dangin da ya taso ya gani suna zaɓen Jam'iyyar Kwaminis sun karkata ga Front National ta Jean-Marie Le Pen, mutumin da ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a 2002.

Ƙarfin littafin, a ganina, yana wurin da ya taɓo harshe. Eribon ya nuna yadda sai da ya kankare karin harshen unguwarsu kafin a karɓe shi cikin masu ilmi, ya riƙa jin kunyar maganar mahaifiyarsa. Duk wanda ya ga ɗan boko yana gyara wa tsohuwarsa lafazi zai gane wannan ciwo. Sa'an nan ya ɗora hujjarsa ta siyasa a kai: da can Kwaminisanci ya ba lebura suna da mutunci, amma bayan Mitterrand ya hau mulki a 1981, masu ra'ayin sauyi suka daina zancen talaka da mai dukiya, suka ari harshen ƙwararru. Leburan da aka raba da sunansa sai ya karɓi wanda Le Pen ya miƙa masa, wato ɗan ƙasa, baƙo kuwa ya zama abokin gaba.

To amma akwai giɓi. Mutanen da ake kukan an hana su magana, a cikin littafin ma ba su samu bakin yi ba. In ban da mahaifiyar, kusan kowa fassara shi ake yi da ma'aunin Pierre Bourdieu. 'Yan'uwansa maza, waɗanda ƙuri'arsu ce ake neman dalilinta, labarinsu kawai muke ji daga bakin uwa. Marubucin bai zauna da su ya tambaye su ba.