Ya ba ta ne, ko ya ɓata?

Bara muna shirya wasan kwaikwayo da ɗalibai a wata sakandare a ƙaramar hukumar 'Yankwashi, sai gardama ta kaure kan kalma guda. Wasan wani tsohon malaminmu ne, Allah ya jiƙansa, da hannu ya rubuta shi, daga baya wani ya kwafe a waya ya yaɗa ta WhatsApp. A kwafin, uwar miji na kai ƙarar ɗanta wai “ya bata kudin”. Yarinyar da ta fito a matsayin uwar ta ce ɓata kuɗin ya yi. Yaron da ya fito a miji ya rantse ba ta ya yi, wato matarsa. In ta farko ce, ɗan almubazzari ne, uwar na da gaskiya. In ta biyu ce, tsohuwar kishi kawai take da surukarta. Littafin malam kuwa, gara ta gama da shi.

Abin ya tuna mini da masanan Ingila, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna irin wannan ja-in-ja kan wasannin Shakespeare. Ya rasu a 1616, sai a 1623 abokan sana'arsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tara wasanninsa 36 a kundi ɗaya. Wasansa Othello kuwa an riga an buga shi daban a 1622. A ƙarshen wasan, jarumin ya kamanta kansa da wani da ya jefar da lu'ulu'u. Bugun 1622 ya ce mutumin Ba'indiye ne, na 1623 ya ce mutumin ƙasar Yahudiya ne, kuma a rubutun zamanin haruffa biyu kacal suka raba su. Har yau ba a daidaita ba. Mai kulawa cikin masu sake bugawa yakan zaɓi ɗaya, ya sa ɗayan a gindin shafi, ya faɗi dalilinsa.

Wani zai ce aikin wanda ya ƙoshi ne. To, wani lokaci sukan wuce gona da iri. Amma ni gindin shafin nan nake wa sha'awa, don shi muka rasa.

Mu ma fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman zaure sun san muƙabala: a ɗora kwafi kusa da kwafi, a rubuta saɓanin a gefe, almajiri ya ji malam na cewa a wata nuskha ga yadda ya zo. Boko ne ya zo muka saki wannan tarbiyya, alhali shi ya fi bukatarta, tunda ba ya nuna tsawon wasali balle karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Yanzu waya ta cinye ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, kuma duk mai kwafa ya zama mai gyara. In ya ga kalmar mutanen Kazaure ko Daura da bai sani ba, sai ya sauya ta da wadda kunnensa ya saba, bai gaya wa kowa ba. Aliyu Namangi makaho ne, wasu ne suka riƙa rubuta masa waƙarsa Imfiraji. Kwafi nawa ka taɓa gani da ya nuna maka inda hannu biyu suka saɓa?

Don Allah, mai kwafa, ɗauki hoton asalin kafin ka taɓa shi, ka sa ƙugiya inda take, in ka gyara ka ce ka gyara. Mu dai ranar wasa da “ɓata” muka tafi, don yarinyar ta fi yaron baki.