Agogon Hannu Ya Zama Makullin Gida, Amma Gidan Na Wane Ne?

Tun da kamfanin Apple ya fito da Apple Watch a 2015, ya kuma ɗora masa manhajar Home a 2016, ake ta yi mana tallar wata rayuwa da mutum zai taɓa agogonsa kawai ya kunna fitila, ya kulle ƙofa, ya ɗumama ɗaki, alhali yana cikin bas. Samsung ma yana da nasa tsarin mai suna SmartThings. Na yi hunturu guda ina amfani da wani agogo irin wannan a gidan hayar da muke zaune mu huɗu a nan Ingila, shi ya sa na ga ya dace in gaya wa 'yan'uwa ɗalibai abin da na gani kafin wani ya zuba kuɗin guzurinsa.

Mu fara da ba shi haƙƙinsa. Duk wanda ya san tsadar gas a ƙasar nan zai yaba da iya kashe na'urar ɗumama ɗaki daga laburare idan ya manta da ita a kunne. Ga tsoho ko mai lalurar ƙafa kuwa, buɗe wa baƙo ƙofa daga kan gado ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai masu talla ba sa bayyana cewa agogon ɗan aike ne kawai. Umarninka yana bi ta waya ko intanet, ya isa wata na'ura da ke gida ko kwamfutocin kamfani, sannan ya iso ga fitilar. A tsarin Apple, sai kana da HomePod ko Apple TV a gida kafin ka iya ba da umarni daga nesa. Ko'ina igiyar ta tsinke, aiki ya tsaya, ga shi kuma yawancin agogunan nan kusan kullum sai an yi musu caji.

Babbar matsalar ita ce ta mallaka. A 2016 kamfanin Nest ya rufe hidimar Revolv, na'urar da mutane suka saya a kan kusan dala 300 ta zama kwalliya. A Afrilun 2022 Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, sai da wasu masu amfani da shi suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. A Oktoban 2025 Google ya yanke tsofaffin na'urorin Nest na daidaita ɗumi daga manhajarsa. Ashe kai ka biya kuɗi, amma linzami yana hannun wani. Tsarin Matter da manyan kamfanonin suka amince da shi a 2022 ya rage wannan, domin yana barin na'urori su yi magana da juna a cikin gida, amma ba kowane tsohon kaya ya shafa ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Mahaifiyar abokin zamanmu ta kawo mana ziyara, ta tashi sallar asuba ta tarar mun manne makunnin bango da salatif don kada a yanke wa ƙwayayen fitilar wuta. Da tocilar waya baiwar Allah ta yi alwala, don ba ta son ta tashe ni. Na ji kunya ƙwarai. Gidan da baƙo ba zai iya kunna fitila ba sai da izinin mai agogo, an rage masa mutunci. A 2018 jaridar New York Times ta ruwaito yadda wasu a Amurka ke amfani da irin waɗannan na'urori wajen musguna wa abokan zamansu daga nesa.

Shawarata ita ce, kada ka sayi abin da ba ya aiki da hannu idan intanet ta ɗauke. Ka nemi mai tambarin Matter, ka ba kowa a gidan ikon sarrafawa, ka kuma riƙe makullinka na ƙarfe a aljihu. Mai niyyar kai shi gida tsaraba kuma, ya fara tambayar awa nawa ake samun wuta a unguwarsu. Allah ya sa mu dace.