Iyakar Ƙa'idojin Magani Masu Dogaro da Bincike

Tun farkon shekarun 1990, lokacin da malaman Jami'ar McMaster ta Kanada suka yi kira da a gina aikin likita bisa hujjar bincike, rubutattun ƙa'idojin magani suka yawaita. Ba mu musun amfaninsu. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa a wannan takarda shi ne, kowace ƙa'ida da awon wasu majinyata aka ɗinka ta, kuma ba lalle ba ne ta yi wa wasu daidai.

Misali na farko shi ne ƙarin ruwa. An daɗe ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya raunana gudun jininsa a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. Wannan shawara ta samo asali ne daga ƙasashe masu arziki, inda akwai na'urar taimakon numfashi. A 2011 aka buga sakamakon binciken FEAST, wanda aka yi kan yara fiye da 3,000 a Kenya da Uganda da Tanzaniya. Cikin awa 48, kimanin 10.5 bisa 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwan suka rasu, alhali 7.3 ne suka rasu cikin waɗanda ba a ɗura wa ba. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta. Amma a lura, shi kansa binciken bai haɗa da yara masu gudawa ba, saboda haka hukuncinsa bai hau kansu ba.

Misali na biyu ya shafi tarin cututtuka. A 2005 Cynthia Boyd da abokan aikinta a Amurka suka ƙaddara wata tsohuwa mai shekara 79 da cututtuka biyar, ciki har da hawan jini da ciwon sukari. Da suka bi ƙa'idar kowace cuta, sai ga ta da magani iri 12, waɗansu suna karo da waɗansu. Dalili kuwa, kowace ƙa'ida cuta ɗaya ta duba, kuma yawanci ba a sa irin wannan tsohuwa cikin gwaji.

A ganinmu, wajibi ne malamai su koya wa ɗalibin likita tambayoyi uku kafin ya yi aiki da ƙa'ida: a kan su wa aka yi binciken, da wane kayan aiki, kuma shin majinyacin da ke gabansa yana cikin irinsu? In ba ya ciki, sai likita ya koma ga nazarinsa da shawarar majinyacin, ya kuma rubuta dalilinsa na kauce wa ƙa'idar.