Ɗokin Masoya da Mudun Kamfani: Nazarin Dawowar Babylon 5

A ganina, babu jarin da ya kai ɗokin masoya arha ga kamfanin fim. Shirin almarar kimiyya na Babylon 5, wanda J. Michael Straczynski ya ƙirƙira a Amurka, ya ƙare a 1998. Da kamfanin Warner ya sanar da dawowarsa kai tsaye a faifan DVD, sai masoya suka ɗauki tallarsa a wuyansu, suna kwaɗaitar da juna a saya domin labarin ya ɗore.

The Lost Tales ya fito a 2007 da gajerun labarai biyu. Rubutun yana da nauyi, musamman inda Shugaba Sheridan yake kokawa da zuciyarsa kan halaka wani yarima saboda ta'asar da bai riga ya aikata ba. Sai dai ƙarancin kuɗi ya mayar da tashar sararin samaniya mai mazauna 250,000 tamkar kufai. Faifai na biyu na jerin bai fito ba.

Hukuncina shi ne, masoya sun biya da amana, kamfani kuwa ya auna musu da ƙaramin mudu.