Gwanar Saƙa Tun Daga Kasuwa Ake Gane Ta

Idan hular jariri ko rigar sanyi ta fito tsaf, kowa sai ya yaba hannun da ya saƙa ta. Ba kasafai ake tambayar inda aka samo zaren ba. Ni kuwa a nan ne wasu mata suka fi burge ni. Akwai wadda za ta shiga kasuwa da ɗan canjin da ya rage a cefane, ta dawo da abin da zai ishi 'yarta koyon saƙa har damina ta wuce.

Abu na farko da ta sani shi ne lokaci. Ba ta neman rigar sanyi a Disamba, sa'ad da hunturu ya sa kowa rububi. Sai ta bari Maris ko Afrilu ya zo, zafi ya sauka, 'yan gwanjo irin na Ƙofar Wambai a Kano suna neman kai da ragowar kayan sanyi. Ba don sawa take saye ba, zaren take so. Saboda haka ba ruwanta da yayi, ba ruwanta da ɗan ɓuli a gwiwar hannu. Babbar riga ta fi mata, don ta fi zare.

Ku dube ta a gaban tulin kaya. Sai ta juya rigar ciki ya koma waje, ta bi ɗinkin gefe da yatsa. In ta ga an yanka saƙar ne aka bi bakinta da keke, nan take za ta ajiye, domin wannan guntu-guntu zarensa zai fito. In kuwa gaba da baya da hannaye kowanne an saƙa shi daban sannan aka haɗa, to ta samu: zare ne guda mai tsawo a kowane ɓangare. Takan ɗaga rigar a rana ta ga ko asu ya ci, ta ja ta ta ji ko zaren ya cure ya manne da juna. A gida kuma, ashana ɗaya ta ishe ta sanin abin da ta saya. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Na auduga kuwa kamar takarda yake ci.

Warwara ma da tsarinta. Daga wuya da kafaɗa ake farawa a gangaro, domin galibi a sama aka ƙare saƙar. Zaren yakan fito a lanƙwashe, sai ta kife kujera ta naɗe shi a ƙafafunta, ta ɗaure wuri uku ko huɗu kada ya harɗe, ta jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan ba tare da cuɗawa ba. Ta shanya a inuwa, ta rataya masa wani abu mai ɗan nauyi. Idan ya bushe ya miƙe, ta dunƙule shi. Wanda bai sani ba zai rantse sabo ne.

Sai wajen tela. Gab da sallah ƙyallaye kan taru a ƙarƙashin keke har a rasa yadda za a yi da su, kuma da yawan teloli za su ba ka ko su sayar a arha. Dogayen ta yanka su siri-siri ta saƙa abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Maɓallai da zif kuwa daga tsofaffin rigunan gida take cire su ta tara a gwangwanin madara.

Amma ba komai take tsinta ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin ƙimarta. 'Yan mata da yawa da tsinken tsintsiya suka fara, ta san haka, amma kwarashi sai ta saya mai kyau na ƙarfe, wajen milimita 4, mai santsin baki wanda ba ya tsage zare. Almakashi ma haka, kuma ba a yanka takarda da shi. Irin waɗannan ana samunsu a Sabon Gari, ko a Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. In sabon zare ya zama dole, sai ta haɗa kuɗi da maƙwabta su saya a farashin sari, kuma ta ɗebi abin da zai gama aikin a lokaci ɗaya, don rini kan bambanta ko da launin ɗaya ne. Mai koyo kuwa zare mai haske take ba ta, ba baƙi ba, don ta riƙa ganin inda kwarashi zai shiga.

'Yar'uwa, in 'yarki ta nuna sha'awar saƙa, kada tsadar zare ta sa ki hana ta. Ki bari bazara ta kama ki leƙa wajen 'yan gwanjo, kuma ki juya rigar ki duba ɗinkin kafin ki taya.