Tarin gajerun labaran ɓarayi da masu kisan kai: abin da ke jan mai karatu da inda suke da rauni

Masu tsara aikin yaƙi da jahilci sun daɗe da sanin cewa wahalar aikin ba ta ƙarewa ranar da magidanci ya iya haɗa baƙi da wasali. In bai sami abin karantawa ba bayan an rufe aji, karatun yakan zube. Ƙananan littattafan noman gyaɗa da tsabtar rijiya suna da amfani, amma ba safai mutum kan ɗauke su don marmari ba. Saboda haka ya kamata a dubi tarin gajerun labarai na sata da zamba da kisan kai, a ga ko za su dace da sababbin masu karatu na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji.

Abin da ke ba irin wannan littafi farin jini a fili yake. Ana gama labari a zama ɗaya, kuma akwai tambayar da ke jan mai karatu har layin ƙarshe. Amma tambayar ba iri ɗaya ba ce ko'ina. A labaran binciken laifi na Faransa, irin waɗanda kamfanin Gallimard ke bugawa cikin jerin Série noire tun 1945, sau da yawa ana ɓoye mai laifin, a bar mai bincike ya tono shi. Haka Musa Konate na Mali ya gina labaran kwamishinansa Habib. Labarin Hausa kuwa yakan nuna ɓarawo tun farko. Abin da ake jira shi ne dabarar da zai yi, da hikimar alƙalin da zai kwance ta. Wannan shi ne ginin labaran ɓarayi da ƴan damfara na cikin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar a Zariya tsakanin 1937 da 1939, juzu'i uku masu labarai fiye da 80. Ko da yake ya aro da yawa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, hannu ɗaya ne ya sake su, shi ya sa Hausar ba ta tangarɗa daga wannan labari zuwa wancan.

Tarin da marubuta da yawa suka haɗu a kansa ba ya samun wannan sa'a. Misali mafi kusa shi ne Lagos Noir, mai labarai 13 cikin Ingilishi, wanda Chris Abani ya tsara a 2018, cikin jerin da kamfanin Akashic na Amurka ya soma da Brooklyn a 2004. Ƙa'idar jerin ita ce kowane labari ya zauna a wata unguwa ta gari. Ƙa'ida ce mai kyau, amma ita ce kuma ke jawo raunin. Wani marubuci yakan shagala da zayyana unguwa da hayaniyarta, sai ya cusa gawa a shafin ƙarshe don cika sharaɗi.

Raunin marubutan Hausa daban yake: gaggawar yin wa'azi. Dogayen labarai sun nuna haka. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982), duk sunansu ya riga ya faɗi makomar mai laifin kafin a buɗe littafin. Dogon labari yana iya ɗaukar wannan nauyi, domin yana da filin nuna yadda ɗan ƙauye ya lalace a birni. Labari mai shafi biyar in aka fallasa ƙarshensa a take, babu sauran abin da zai riƙe mai karatu.

Akwai kuma batun wuri. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda ƴan bindiga suka kora, kuma satar shanu da sace mutane don neman fansa sun taɓa ƙauyukan bakin iyaka. Labarin da ke yaba wayon ɓarawo, wanda zai ba da dariya a wani wuri, yana iya faɗawa hannun wanda ya sayar da gonarsa don ya fanso ɗansa. Jigon Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina (1982), wato fasa ƙwauri da cin hanci, ya fi sauƙin shiga aji, domin babu ɗan jahar Maraɗi da bai san kwalaben ruwa-ruwa na gefen hanya ba.

Ta fuskar harshe, labarin laifi cike yake da kalmomin hukuma, kuma a nan ne Hausar Nijar da ta Najeriya suka fi rabuwa. Inda littafin Kano ke cewa kwastan da kurkuku, mutumin Gazawa duwan da kaso ya sani, kuma jandarma ba shi da takwara a tsarin Najeriya. Jika a Agye faran 1000 ce, jaka kuwa a Kano naira 200, don haka kuɗin da aka sace cikin labari yakan canza nauyi da ƙetare iyaka. Tun da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, duk wanda zai tsara irin wannan tari sai ya yanke shawara tun farko: ko a bar wa kowane marubuci kalmominsa a sa ƙaramin ƙamus a bayan littafi, ko a daidaita su bisa ƙa'idar rubutu ta 1999 da bakin mutanen Maraɗi.